Ɗa Na Kowa Ne, Sai An Zo Cike Fom

Mai karatu, wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba. Amma da yake an ce mai hali ba ya fasa halinsa, da fim ɗin zan fara.

Ka taɓa lura da yadda yaro ke ɓata a fim ɗin Indiya, da yadda ake tsintarsa? Ɗauki Amar Akbar Anthony na 1977, wanda iyayenmu suka sha kallo a Plaza da El Dorado har suka haddace shi. Uba ya ajiye 'ya'yansa uku a wani lambu yana gudun 'yan daba, kafin ya dawo babu ko ɗaya. Babban ɗan sanda ya ɗauke shi, ƙaramin wani tela Musulmi, na tsakiyar kuma limamin coci. Kowa ya saɓa nasa a kafaɗa ya yi gida. Babu wanda aka ce ya kawo hoton fasfo guda huɗu. Kafin ka gama ɓare gyaɗar hannunka sun zama Vinod Khanna da Amita da Rishi Kapoor, suna kwance a asibiti ana ɗibar jininsu ana ƙara wa wata makauniya, ba su san uwarsu ce ba. A Yaadon Ki Baaraat kuma waƙar da aka koya musu suna yara ce ta haɗa 'yan uwan.

Mu ma da muka kwafo, mun kwafo har da wannan. Finafinanmu da littattafanmu cike suke da tsintacciyar jaririya a cikin kwali a bakin masallaci. Attajiri ya ɗauka, Hajiya ta raina, yarinya ta girma ta yi kyau, ɗan gidan ya ce yana so, sai a ce ai ba ta da asali. Saura minti goma fim ya ƙare sai ga laya, ko zobe, ko tabo a bayan kunne, ko wata tsohuwa tana gargarar mutuwa ta tona asiri. Ashe 'yar sarki ce. Na kalli irin wannan ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin daraktan da ya nuna mana ofis ba, ko layi, ko fayil. Da ni ma ban damu ba. Sai da abin ya shigo gidanmu.

Gidanmu a Fagge yake. Ƙanen mahaifina ya rasu a haɗarin mota a ƙarshen 2019, ya bar yarinya 'yar shekara biyu da rabi. Sunan kakarmu aka sa mata, shi ya sa Ummi muke ce mata. Da uwarta ta fita takaba ta koma gidan iyayenta, daga baya ta yi aure a wani gari, aka bar yarinyar a ɗakin Hajiya, wato kakar tamu. Muna kuma da Gwaggo, yayar mamacin, wadda ke aure a Ingila shekara goma sha huɗu Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar sadakar arba'in aka yi zaman iyali, Gwaggo tana cikin waya an jingina ta da filas ɗin shayi, aka ce an ba ta Ummi. Aka shafa fatiha. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Gwaggo ta fara sayen kayan sanyi na 'yar shekara uku.

Yau Ummi tana aji uku a firamare, kuma har yanzu a ɗakin Hajiya take kwana.

Da yake ni ne ɗan boko mai difloma kuma marar aikin ofis, ni aka ɗora wa yawon takardu. Abin da na fara koya shi ne cewa a idon takarda, baffana bai mutu ba. An yi haɗarin da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, wa ya tsaya neman shaidar mutuwa? Ummi kuwa a gida aka haife ta a hannun ungozoma, don haka ita ma a idon takarda ba a haife ta ba. Sai da muka je kotu muka yi rantsuwa cewa mamaci ya mutu, rayayya kuma tana raye. Sannan aka zo kan suna. A katin zaɓen baffa an rubuta sunan kakanmu iri ɗaya, a fasfon Gwaggo wani iri, a takardar makarantar babana iri na uku: Muhammad, Mohammed, Mamman. Mu mun san mutum ɗaya ne. Lauyar Gwaggo ta can ta ce a wurinsu mutum uku ne. Wata rantsuwar ke nan. Ga wasiƙar mai unguwa, ga rahoton ma'aikatan jin daɗin jama'a da za su zo su ga inda yarinya ke kwana, ga gwajin jini don a tabbatar da dangantaka, ga amincewar uwa a rubuce a gaban shaidu. A can kuma ana binciken Gwaggo da mijinta: albashinsu, lafiyarsu, ɗakunan gidansu, ko an taɓa kama ɗayansu da laifi, har da dalilin rashin haihuwarsu. Kowace takarda da wa'adinta, kafin ta biyar ta fito ta farko ta mutu. Fam ɗin da Gwaggo ta turo na canza a Wapa, da na tara su da sun sayi fili a Rijiyar Zaki.

Wata rana da dare ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Kai ɗan nan, 'yar ƙanena ce fa. Ciki ɗaya muka fito da ubanta. Sace ta zan yi?" Ban da amsa a lokacin. Amma tambayar ta zauna mini, kuma ita ce na kawo gabanka: shin adalci ne a tsare mai niyyar alheri shekara da shekaru a bakin ƙofa, saboda ana tsoron mugu?

Da farko zuciyata gaba ɗaya tana wurin Gwaggo, domin a cikin riƙo muka tashi. Nuna mini gidan Bahaushe da babu ɗan riƙo. Ɗan fari ana kunyarsa, sai a kai wa kaka. Yaro ya isa yaye a kai shi gidan gwaggo, daga nan ya zarce. Matar da ba ta haihu ba, 'yan uwa ba sa barin ɗakinta shiru. Ko Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haifi ɗa na cikinta ba, amma ta raini 'ya'ya ta aurar. Duk wannan ba da sa hannun kowa ba. Muka ce ɗa na kowa ne, muka zauna lafiya.

Sai dai da na yi tunani na ga ba gaskiya ba ne a ce riƙonmu ba shi da takarda. Yana da ita, a bakin mutane take. Idan aka ba wa gwaggo yaro a Fagge, mai unguwa ya sani, liman ya sani, mai kosai ta bakin layi ta sani, wanzamin da ya yi masa aski ya sani. Ranar da ta zalunce shi, kafin magariba labari ya isa gidan ubansa. Ranar da ya tashi aure, akwai tsofaffi goma da za su ce wannan ɗan wane ne, jikan wane. Unguwa ita ce rajista, ita ce mai bincike, ita ce kotun ɗaukaka ƙara. Kuma ko da wannan ɗin, kar mu yaudari kanmu, 'yan riƙo nawa ne suka zama bayi a gidan 'yan uwa, su ne talla su ne wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta? To ina ga an ɗauke yaro an sa shi a jirgi, an kai shi inda babu mai kosai, babu wanda ya san ubansa ko a mafarki? Abin da mutum ɗari suke riƙe da shi a ka, dole a nemi inda za a zuba shi ya bi yaron. Fayil ɗin ke nan.

Kuma mu Kanawa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan mugu ba. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka fito da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Kawo da Yankaba da Dakata, aka gano su a Onicha ta jihar Anambra. An sayar da su, an canza musu suna, an canza musu addini, wasunsu Hausar ma ta gudu daga bakinsu. Ka tuna hotunan nan, uwa tana rungume da ɗanta tana yi masa magana, shi kuma yana kallonta kamar baƙuwa. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, iyaye suka yi ta zuwa da hotunan 'ya'yansu da suka ɓata. A 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaya gefen cinikin. Duk inda aka sayar, akwai mai saye. Kuma mai sayen yaro ɗan shekara uku sau da yawa ba dodo ba ne mai ƙaho. Mace ce da ta gaji da gorin dangin miji, aka ce mata ga maraya ba shi da kowa, ta ga ba sai ta tsananta tambaya ba. Idan ka tsayar da ita ita ma kuka za ta yi, ta ce alheri ta nufa. Daga nesa, kukanta da na Gwaggo iri ɗaya ne. Ma'aikacin da ke zaune a bayan tebur ba ya ganin zuciya.

Haka abin yake a duniya. A Oktoban 2007 aka tare wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeshe na ƙasar Chadi, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne. Har bandeji suka ɗaura wa yaran da lafiyarsu ƙalau. Da aka bincika sai ga shi akasarinsu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba a raye. Kotun Njamena ta yanke wa shida daga cikinsu shekara takwas da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a 2008. A can Faransa kuwa iyalai ne suka biya kuɗi suka gyara ɗakuna suna jira a filin jirgi, su ma da kyakkyawar niyya. Shekara ɗaya kafin wannan, mawaƙiya Madonna ta ɗauki yaro a Malawi daga gidan marayu alhali ubansa na raye, aka yi ta ce-ce-ku-ce cewa suna da kuɗi sun gajarta mata hanya. Koriya ta Kudu ta tura yara wajen 200,000 ƙasashen waje tun bayan yaƙinta, sai a 2025 hukumar bin diddigin gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da cewa an riƙa rubuta yara a matsayin marasa kowa alhali iyayensu na nan. Waɗannan yaran yanzu masu furfura ne, suna dawowa da fayil a hannu suna neman iyayensu, sai su tarar abin da ke cikin fayil ɗin ƙarya ne. Habasha, inda Angelina Jolie ta ɗauki 'yarta a 2005, ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2018.

Akwai ma wani tarko a cikin kalmar kanta. Mu idan muka ce maraya, wanda ubansa ya rasu muke nufi, ko da uwarsa da kakanninsa da baffanninsa ashirin suna nan. Baturen da ya ji an ce maraya, wanda ba shi da kowa a duniya yake hangowa. A tsakanin waɗannan ma'anoni biyu aka yi asarar yara da yawa.

Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Hague a 1993, wadda ta ce kada yaro ya ƙetare iyaka sai an tabbatar babu mai riƙe shi a ƙasarsa, kuma iyayensa sun yarda ba da saye ko yaudara ba. Nijeriya ba ta shiga ba. Dokarmu ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce mai ɗaukar yaro ya zama ɗan ƙasa, mazaunin jihar da yaron yake. A watan Maris na 2021 kuma, muna tsakiyar namu yawon, Ingila ta dakatar da ɗauko yara daga Nijeriya, sai wanda ya roƙi a duba nasa a matsayin na musamman. Dalilan da suka bayar ba masu daɗin ji ba ne: takardunmu ba abin dogaro ba ne, da wuya a tabbatar da asalin yaro, ga cin hanci, ga safarar jarirai. Na ji haushi da na karanta. Sai na tuna ni kaina a bakin wata kotu wani ya tare ni ya ce in kawo dubu biyar ya haɗa mini kowace irin shaida nake so, da kwanan watan da nake so. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sannan ga wata matsalar da ta fi ta biza zurfi, wadda Gwaggo ba ta hango ba sai da lauyarta ta zaunar da ita. Abin da muke kira riƙo da abin da dokar Turawa take nufi da ɗaukar yaro ba abu ɗaya ba ne. A tasu dokar, ranar da alƙali ya sa hannu yaro ya tashi daga ɗan wanda ya haife shi, ya koma kamar mai riƙon ne ya haife shi, har a gado. Mu kuwa wannan ita ce ƙofar da addini ya rufe. Ka san labarin Zaidu ɗan Harisa. Shi ma yaro ne da aka sace a hari, aka sayar a kasuwar Ukaza, ya faɗo gidan Nana Khadija, ta ba da shi ga Manzon Allah (SAW). Ubansa ya yi ta nemansa har ya gano shi a Makka, ya zo da ɗan uwansa da kuɗin fansa. Aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama. Aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyin Suratul Ahzab suka sauka suka mayar masa da sunan ubansa. Ba a kore shi daga gidan ba, ƙaunar ba ta ragu ba, sunan kawai aka gyara. Ka ciyar, ka tufatar, ka ilimantar, ka yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba, amma kada ka goge inda ya fito. Larabawa na kiran wannan kafala, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 ta ambace ta da sunanta. Duk da haka, a 2019 sai da maganar wata yarinya 'yar Aljeriya ta kai har kotun Tarayyar Turai, kotun ta ce yaron kafala ba a lissafa shi a matsayin ɗan cikin mutum, sai dai a duba shi a matsayin ɗaya daga cikin iyali. Ka ga inda Gwaggo ta tsaya: ƙofar da ta fi faɗi tana neman ta ce ita ta haifi Ummi, wadda ta dace da imaninta kuma ƙarama ce ƙwarai.

Abin mamaki, idan ka cire wannan saɓanin, tambayar da malaminmu na zaure yake yi da wadda Baturiyar ofis take yi guda ce: ɗan wane ne? A nan na sauka daga fushina. Na gane takardun nan ba don Gwaggo aka yi su ba, ba kuma don gwamnati ba. Na Ummi ne. Ita ce kaɗai a cikin maganar da ba ta iya magana ba lokacin da aka yanke ta, ita ce kuma za ta rayu da sakamakon bayan duk mun mutu. Layar nan da muke raina wa daraktocinmu, ashe suna da gaskiya a abu ɗaya: dole a bar wa yaro abin da zai kai shi gida.

To amma kada ka ɗauka na koma ɗan amshin shatan ofis. Tsallaka titi daga Fagge ka shiga Sabon Gari, ƙaramar hukumarmu ɗaya, ka ga ɗaya fuskar. A can Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka buɗe gidan marayu na Du Merci tun 1996. Ranar Kirsimeti ta 2019, wata biyu bayan maganar yaran Onicha, gari na tafasa, jami'an tsaro suka shiga gidan suka kama shi. Aka kwashe yara 27 daga nan da reshensu na Kaduna aka kai gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. Zargin shi ne satar yara da buɗe gida ba da izini ba. A 2021 kotu ta wanke shi daga zargin sata. A 2022 aka ɗaure shi shekara biyu a kan zargin takardar rajista ta jabu. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ma. Ba zan shiga rigimar addinin da ta dabaibaye maganar ba, kowane ɓangare na da abin da yake faɗa, kuma hukuma na da haƙƙin tambayar inda aka samo kowane yaro. Ni lissafi kawai nake yi. Wasu daga cikin yaran nan sun haura shekara biyar a hannun gwamnati ana ja-in-ja a kan takardunsu. Wanda aka ɗauka yana rarrafe ya shiga firamare a can. Manya suna ɗage zama, yara suna girma. Ko wa ya yi nasara a ƙarshe, wa zai biya su waɗannan shekarun?

Nan ne na ga jira iri biyu ne, kuma kuskurenmu shi ne haɗa su a kwando ɗaya. Akwai jiran da ake aiki a cikinsa: an tura mutum ƙauye ya nemo uwa, ana cigiya a rediyo, ana jiran sakamakon jini, an ba uwar da ta sa hannu cikin zafin takaba lokaci ko za ta sake tunani. Wannan ko wata nawa ya ci, halal ne, kuma mai niyyar alheri ya kamata ya fi kowa son a yi shi. Akwai kuma jiran da babu abin da ke motsi sai kalanda. Fayil ɗinmu ya yi wata bakwai a kan wani tebur a wani ofis saboda an yi wa mai sa hannu canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya tafi kwas. Babu wanda ya binciki komai a wata bakwan nan. Kuma abin takaici, irin wannan jiran bai taɓa tare ɓarawo ba, domin ɓarawo ba ya bin layi. Mai gaskiya kaɗai yake kamawa. Har ma shi ne yake tura mutanen kirki wurin mai dubu biyar na bakin kotu. Wata bakwai a wurin ma'aikaci ba komai ba ne, bai kai tsakanin ƙarin girma biyu ba. A wurin 'yar shekara huɗu kuwa, a cikinsa ake koyon wa za a kira idan an yi mugun mafarki.

Fim ɗaya na sani da ya kusa taɓa wannan wurin, shi ne Lion na 2016, wanda Dev Patel ya fito a ciki. Labarin gaske ne. Yaro ɗan shekara biyar ya yi barci a jirgin ƙasa ya farka a Kalkata, sama da kilomita 1,000 daga gida, bai iya faɗin sunan garinsu daidai ba, ko sunansa ma ashe ba daidai yake faɗa ba. Aka buga cigiya a jaridun da uwarsa ba za ta taɓa gani ba, aka ce an nema ba a samu ba, aka ba da shi ga wasu mutanen kirki a Ostareliya. Shekara 25 bayan haka ya gano garin da Google Earth, ya tarar uwar ta ƙi barin unguwar ko zai dawo. Mutane sun yi kuka a wurin haɗuwar. Ni wurin cigiyar ne ya dame ni, daraktan ya wuce shi cikin minti ɗaya. An cike ƙa'ida, an rufe fayil da wuri, kuma kowa a cikin labarin mutumin kirki ne.

Mahaifiyar Ummi ta zo sa hannu a shekara ta biyu, da goyon wani jaririn. Na karanta mata takardar na fassara mata layi-layi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Idan ta je can, da sunan wa za a riƙa kiranta a makaranta?" Na ce da sunan babanta, in sha Allahu. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce zan tambaya. Ta dangwala yatsa, ta goge tawadar a gefen mayafinta, ba ta tsaya cin abinci ba. A zaman arba'in ɗin nan da aka shafa fatiha, sai a ranar na tuna, babu wanda ya tambaye ta. Fom ɗin Turawa ne ya fara tambayarta.

Ita ma Ummi ba a tambaye ta ba, don lokacin ba ta da baki. Yanzu tana da shi. Tana da ƙawaye a islamiyya, ta kai izu biyar, ita ke miƙa wa Hajiya maganin hawan jini da daddare don ta fi kowa sanin inda ake ajiye shi. Gwaggo takan kira ta a bidiyo duk Lahadi, ta zagaya da ita ɗakin da aka yi wa fenti tun 2020, Ummi ta ce yana da kyau, ta gaishe ta da ladabi irin na baƙi. Kwanaki na tambaye ta ko tana son tafiya. Ta ce tana so, idan da Hajiya za a tafi. Ban gaya wa Gwaggo ba. Kayan sanyin nan na farko tuni aka rabar wa 'ya'yan maƙwabta a can, an sayi wasu, su ma sun yi kaɗan.

Fasfon da muka yi mata a 2020 ya mutu ba a buga masa hatimi ko ɗaya ba. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauke ta muka je wani shagon hoto a Sabon Gari, kusa da Bata, don a sake wani. Haƙoranta biyu na gefe sun fita, sai dariya take yi tana rufe baki da hannu, mai hoton yana cewa ta sauke hannu ta daina dariya, ba a karɓar hoton fasfo da dariya. Da muka fito ta karɓi ambulan ɗin ta leƙa, ta ce, "Yaya, wannan na tafiya ne ko shi ma na ajiyewa ne?" Na ce ta riƙe shi da kyau kada ya lanƙwashe, ranar Talata za mu kai.